Zaɓen 2023: Ina mutum miliyan 68 da ba su fito ba?

Tun da asubahin Laraba 1 ga Maris 2023, sa'ad da shugaban hukumar zaɓe ta INEC na wancan lokaci, Farfesa Mahmood Yakubu, ya ayyana Bola Ahmed Tinubu na APC a matsayin wanda ya lashe zaɓen shugaban ƙasa, gari ya ɗauki zafi. Magoya bayan APC suka yi ta barka da arziki. Atiku Abubakar na PDP da Peter Obi na jam'iyyar Labour kowannensu ya ƙi amincewa da sakamakon, ya ce sai an haɗu a kotu. A teburin mai shayi da dandalin Facebook kuwa, musu ɗaya aka riƙa yi dare da rana: an yi maguɗi ko ba a yi ba?

Musun yana da tushe, zan kuma dawo kansa. Sai dai akwai wani lissafi da ya fi hana ni barci, wanda ba na jin 'yan siyasa suna ambatonsa.

Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajistar zaɓe. Waɗanda suka fito ranar 25 ga Fabrairu ba su kai miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27 cikin ɗari, kuma tun dawowar mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa ganin ƙarancin fitowa irin wannan ba a zaɓen shugaban ƙasa. A 2015 an haura kashi 40, a 2019 aka sauko wajen kashi 35, a 2023 aka faɗo kusan kashi 27. Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP kusan miliyan 1.5. Ko an tara su duka wuri guda, ba su kai rabin waɗanda suka zauna a gida ba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta shiga hannun wanda bai samu ƙuri'a miliyan tara ba. Tsarin mulki ya yarda da haka, tunda ya fi kowa ƙuri'a kuma ya samu kashi 25 a jihohin da ake buƙata. Amma wanda ya hau kujerar ya kamata wannan adadi ya tsaya masa a rai.

Kada a yi saurin cewa lalaci ne ya hana mutane fita. Mu tuna halin da aka shiga zaɓen nan. Sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya sa mutum da kuɗinsa a banki yana kwana da yunwa, ga layin mai a kan haka. Wani maƙwabcina, tela ne, ya yi rajista a garinsu, ya yi niyyar tafiya, amma ya rasa tsabar kuɗin mota bayan ya kwana biyu yana bin layin banki. Da na yi masa jaje sai ya ce, "Malam, bari kawai. Ko na je, me zai canja?" Wannan tambayar tasa ta fi rashin kuɗin motar ciwo. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tarwatsa, wasu ma ba su da garin da za su koma su yi zaɓen.

Abin takaicin shi ne, wannan zaɓen da kansa ya nuna cewa ƙuri'a tana aiki. Obi ya kayar da Tinubu a Legas, jihar da ya mulka shekara takwas. Atiku ya cinye Katsina, mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Buhari. Kwankwaso ya kwashe Kano daga hannun jam'iyya mai mulki. Gwamnoni masu ci a lokacin da suka nemi kujerar Sanata, irin su Samuel Ortom na Binuwai da Simon Lalong na Filato da Atiku Bagudu na Kebbi, sun sha ƙasa a gidajensu. A da, wa ya isa ya kayar da gwamna a mazaɓarsa? Na'urar BVAS mai tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska ta rage aringizon ƙuri'u ƙwarai, har ma ina ganin wani ɓangare na faɗuwar alƙaluman nan ya samo asali ne daga toshe ƙuri'un bogi da ake cusawa a baya.

To amma INEC ta yi wa kanta illa, ta kuma yi mana. Ta yi alkawari da babbar murya cewa za a riƙa ɗora hoton takardar sakamako daga kowace rumfa a shafinta na IReV nan take. Ranar zaɓe, na 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya maƙale, hukumar ta ce matsalar na'ura ce. Ko da gaskiya ta faɗa, ɓarna ta riga ta auku, domin matashin da ya yi zaɓensa na farko saboda wannan alkawari ya koma gida da zargi a zuciyarsa. Idan aka bar shi a haka, a 2027 zai shiga sahun maƙwabcina tela.

Saboda haka a lokacin na goyi bayan Atiku da Obi su tafi kotu, su baje hujjojinsu rumfa-rumfa a idon duniya, magoya bayansu kuma su bar titi da zagin ƙabila da addini. Shi kuwa Tinubu, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka fito ma ba shi suka zaɓa ba, don haka gwamnatin da ya kafa bayan 29 ga Mayu 2023 bai kamata ta zama ta 'yan jam'iyya kaɗai ba.

Gwajin farko ya hau kan INEC ne ranar 18 ga Maris 2023, a zaɓen gwamnoni da 'yan majalisun jihohi. Abin da aka nema a wajenta shi ne ta ɗora sakamakon kowace rumfa tun wakilan jam'iyyu suna tsaye a wurin, kafin duhu ya shiga. A lokacin na yi wa tela alkawarin kuɗin mota, ya ce zai duba.