Kafin Masu Labarin Su Ƙare

Kusan kowace unguwa a Arewa tana da ƙungiyar ci gaba. Suna tara kuɗin gyaran maƙabarta, suna yashe kwata kafin damina, suna biyan 'yan sintiri. Allah Ya saka musu da alheri. Ni dai roƙona shi ne su ƙara aiki ɗaya a kan waɗannan: su zauna da tsofaffin unguwa su naɗi maganarsu.

Ba tarihin sarakuna nake nufi ba. Wannan yana da masu kula da shi, fada na riƙe da shi, maroƙa sun haddace shi, ɗaliban jami'a kuma suna ta rubutu a kai. Tarihin da yake salwanta a hannunmu shi ne na jiya-jiya, daga wajen 1960 zuwa 2000. Yana ɓacewa ne saboda kowa na ganin ai an san shi, Baba ma yana ba da labarinsa kullum a ƙofar gida. Ranar da aka kai Baba makwancinsa, sai a tarar babu wanda ya riƙe ko rabin zancen daidai.

Ku dubi Kakuri a Kaduna. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, dubban mutane suka taso daga kowane lungu suka zauna a nan saboda aiki. A 2002 aka rufe KTL. Takardun gwamnati za su gaya maka ranar buɗewa da ranar rufewa. Ba za su gaya maka yadda kasuwa ke cika ranar albashi ba, ko yadda mai aikin dare ke raba ɗaki da mai aikin safe, ko abin da uwargida ta fara sayarwa a watan da aka ce kowa ya koma gida babu sallama. Masu wannan labari suna nan da ransu, wasunsu har yau suna bin haƙƙinsu. Wa ya je ya tambaye su?

Haka dalar gyada a Kano. Hotonta kowa yake yaɗawa yana cewa "ina ma a dawo da zamanin da", amma leburan da suka ɗora buhunan nan a ka har ƙololuwa, da wuya ka ji an kawo muryar ko ɗaya daga cikinsu.

Na san za a ce ai akwai gidajen tarihi: akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970, akwai Gidan Makama a Kano, akwai hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Gaskiya ne, kuma sun yi ƙoƙari. Sai dai ba su da ma'aikatan da za su shiga kowane zaure. Ko sun shiga ma, tsoho ba ya buɗe cikinsa ga baƙo mai littafi da biro. Zai ba shi abin da ya dace a faɗa ne, ya sallame shi. Jikansa kuwa, ko ɗan maƙwabcinsa da ya tashi a gabansa, shi ne zai ji sauran. Cikin gida kuma sai mata. Idan ƙungiya ta tura samari kaɗai, to ta bar labarin farin 1973 a inda ya fi yawa, domin wadda ta auna tsaba ta raba wa yara ita ta san yunwar nan ciki da bai.

Akwai kuma inda nake jin tsoron za mu kauce. Mun iya labarin daɗi: ranar da aka canja hannun tuƙi a 1972, ruɗanin da aka yi da naira ta maye gurbin fam a 1973. Na ɗaci fa? Rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, Disambar 1980. Manoman Bakolori da 'yan sanda suka buɗe wa wuta a wannan shekarar kan maganar diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya ci. Gwamnati ta faɗi nata adadin mamatan, mutanen yankin suka faɗi nasu, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Irin wannan sai an bi a hankali. A nemi izinin mai magana, in ya ce a ɓoye sunansa a ɓoye, in ya ce kada a saki sai bayan ransa a cika masa alkawari. Kuma idan dattijai biyu suka saɓa, kada shugaban ƙungiya ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi. A ajiye duka biyun.

Kayan aiki ba matsala ba ne, wayar da ke hannunka ta isa. A farkon naɗi ka faɗi ranar, da wurin, da wanda ke magana. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne barin muryoyin a WhatsApp kawai, don waya na faɗuwa, ana sacewa, ana gogewa in wuri ya cika. A kwafa a kwamfuta, a rubuta a takarda da boko ko ajami, a ba limamin unguwa ko makarantar firamare kwafi ɗaya, a miƙa wani ga ɗaya daga cikin gidajen tarihin nan.

Sakatarorin ƙungiyoyi da ke karanta wannan, a saka maganar a taron wata mai zuwa. A fara da wanda ya fi kowa tsufa a layinku, kuma a je masa da goro.