A bar talaka ya gina daidai ƙarfinsa

Ina tare da matasan wasu unguwanni da wani labari ya ce suna neman a sassauta ƙa'idar yanka filaye a Katsina. Tun da matsalar tsaro ta koro mutanen Batsari, Jibiya da Safana zuwa birni, kuɗin haya ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, ɗaki ɗaya iyali guda. Dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta sa ƙasa, don haka gyaran nan ba sai an jira Abuja ba. A yanka ƙananan filaye, rabin fili mai faɗin ƙafa hamsin da tsawon ƙafa ɗari ma ya isa, a ba su takarda da araha, a fitar da kwata da hanya tun kafin gini. Masu unguwanni, don Allah ku sa baki.