Zanen aro a gadon likita

Don Allah ku daina turo min hotunan nan na ziyarar binciken da manya suka kai wata likita, na gani. Tun shekaranjiya nake ganinsu a WhatsApp da Facebook, wannan ya turo wancan ya turo, kowa da "masha Allah an samu ci gaba" a ƙasa. To masha Allah. Farin zanen gado tas kamar na otel, bango ya sha fenti, fanka na juyawa, manya sanye da farar riga sun duƙa kan wani yaro suna murmushi. Wanda bai sani ba sai ya yi sha'awar ya kwanta ciwo.

Ni kwana tara kafin wannan ziyarar, a cikin wannan ɗakin na kwana har dare uku da ɗan yayata, yaro ɗan shekara uku, palu ta kama shi har yana sanƙarewa. Ba zan faɗi sunan likitar ba kuma kar ku tambaye ni a inbos, likitar gwamnati ce a cikin jihar Tawa, ya isa. Gadon da kuke gani na biyu daga taga, shi ne namu. Ledar katifar ta tsage soso ya leƙo, zanen uwar yaron muka ninka biyu muka shimfiɗa. Fankar nan da ke juyawa a bidiyo, dare uku ina kallonta tana kallona. Ledar ƙarin ruwa a ƙusa aka rataye ta jikin bango, kuma lokacin da kuran ta ɗauke wajen ƙarfe ɗaya na dare ni na riƙe wa anfirme fitilar salulata yana laluben jijiya a hannun yaron, ya soka nan bai samu ba, ya koma ƙafa, uwar ta juya baya tana salati. Akwai gurup a bayan ginin, na gan shi da idona, gazuwal ne babu.

Da na ga hotunan sai na kira wani da na saba da shi a bakin ƙofar. Na ce kai, yaushe kuka yi arziki haka? Ya yi dariya ya ce ai kafin la'asar an kwashe zannuwan an mai da su inda aka aro su. Zanen aro dai ba ya rufe katara, amma ga shi ya rufe katifa na awa uku, kuma ya isa a rubuta rapor.

Wannan ne kuke kira bincike? An aiko da takarda tun mako guda cewa ranar kaza za mu zo, an share, an wanke, an aro, an ce wa masu jinya su kwashe tabarmi da tukwane su koma bayan katanga, motoci sun jeru, an sha ruwan sanyi, an sa hannu a babban kaye, an karɓi kuɗin misiyo, an koma. Wannan biki ne, amarya kawai ta rage. Mai bincike na gaske ba ya sallama tun daga nesa, kuma duk maganata a nan take, duk wanda zai yi min komanti ya tsaya a nan.

Ku bari in tuna muku wani abu tunda muna da saurin mantuwa. Tun 2006, zamanin marigayi Tandja Mamadou, doka ta ce yaro ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba shi a ba shi magani a likitar gwamnati, awon ciki kyauta, tiyatar fidda jariri ita ma kyauta. Dokar tana nan ba wanda ya soke ta. Yaronmu shekararsa uku. Ordonas uku aka rubuta min a kwana uku, allura, ruwa, robar da ake sakawa a jijiya, har safar hannu ni na sayo, na yi sintiri tsakanin likita da farmasi ta cikin gari kan kabu-kabu, da na haɗa lissafi jika goma sha ɗaya da ɗan wani abu ban da kuɗin mashin. Ni Allah ya rufa min asiri na biya. Matar da ke gadon kusa da mu daga ƙauye ta zo kan amalanke, ta riƙe tata takardar a hannu tun safe har magariba tana jiran mijin ya sayar da akuya, ta nannaɗe ta ta warware, ta nannaɗe ta warware, har takardar ta yi laushi.

Dare na biyu na kasa haƙuri na tare majo, shugaban anfirmomin likitar, a baranda yana shan iska. Na ce Majo, don girman Allah ina kyautar take? Bai yi fushi ba, wallahi da ya yi fushi da ya fi min sauƙi. Ya ce ɗan uwa zo ka gani. Ya buɗe kabad ɗin magani, kwali biyu na farasitamol da ɗan gishirin zawo sai ƙura. Sai ya jawo wani tulin takardu ɗaure da roba ya ce ka ga waɗannan, duk yaron da muka duba kyauta sai mun cika masa takarda, mu tara ƙarshen wata mu aika distirik, daga can a aika Yamai, sannan baitulmali ya biyo mu kuɗin mu sake sayo magani da su. Idan kuɗin bai dawo ba kabad ba ya cika kansa. Ya mai da robar ya ɗaure ya ce je ka kwanta.

To kun ji yadda abin yake, kuma ba sirri ba ne, duk wanda ya taɓa zama cikin COGES, kwamitin kula da likita na unguwarsu ko na ƙauyensu, ya san wannan waƙar, shekara da shekaru likitoci suna bin gwamnati bashin kuɗin kyautar nan, gwamnati ta zo ta tafi bashin yana nan. Ta siyasa ta yi ta soja ta yi. Kyauta ce wadda mai kyautar ya tsaya a rediyo ya sanar, sannan ya bar majo da talaka su daidaita tsakaninsu da tsakar dare. Abin da nake tambaya shi ne cikin duk waɗanda suka sauko daga motocin nan, wa ya ce a buɗe masa kabad? Wa ya ce a kawo tulin takardun nan ya ƙirga wata nawa ne ba a biya ba? Ba kowa, ai ba a ɗaukar hoto da kabad wanda babu komai ciki.

Na san me za ku ce, na ma fara ganinsu ƙarƙashin wani rubutuna na baya. Wai matsalar tsaro ce ta cinye kuɗi. Allah ya jiƙan sojojinmu da suka rasu, ya kare na raye, ba ni da ja a nan. Amma yarjejeniyar Abuja ta 2001 ce, inda shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, lokacin ana tafiya Tawa zuwa Abalak da dare ba fargaba, kuma ko a lokacin ba mu kai ba. Wani ya ce takunkumin CEDEAO ne, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. An ɗage shi tun watan Fabrairu na 2024, malam, nemi wani. Kuma ko da kuɗin kaɗan ne, ai shi kaɗan ɗin ne ya fi buƙatar a bi sawunsa, mai buhu ɗaya a rumbu ya fi mai ɗari ƙirga tiya.

Wani kuma ya ce kai ba ka gode wa Allah, ba ka ga an rage kuɗin likita da rabi tun watan Satumba na 2024 ba, haihuwa ta zama kyauta, an soke jika 150 ɗin da masu wankin ƙoda ke ajiyewa? Na gani, na kuma ji daɗi har cikin raina, ina da maƙwabcin da wannan jika 150 ɗin ta taɓa hana shi barci. Amma ita wannan rabin da aka yafe wa talaka, wani ne zai cika wa likita ita, in ba a cika ba kabad ɗin majo ne zai ƙara yin ƙura. Tambayar 2006 ce ta dawo da sabuwar hula. Wa ke bi ya ga an cika?

Sai masu cewa ai an yi gine-gine. An yi mana. Babbar likitar Yamai da Sin ta gina aka buɗe a 2016, gado 500, duk wanda ya wuce ta gabanta sai ya waiwaya. Ga ta Turkiyya. Tandja ma da shirinsa na musamman ya baza ƙananan gidajen likita cikin ƙauyuka, wanda ya yi yawo cikin Adar ya gansu, ɗaki biyu da ƴar baranda. Ban ce a rushe ko ɗaya ba. Amma gini shi ne sashe mai daɗi, akwai kwangila, akwai dutsen da ake rubuta suna, akwai almakashi da ƙyalle. Abin da ke biyo baya shi ne ba mai so, albashin ungozoma, gazuwal na gurup, batirin pano na firigon allurar rigakafi, tayar anbilas. Waɗannan ba a yanka musu ƙyalle shi ya sa ba su da uba. Kuma yaron da ke sanƙarewa a ƙauyen Keita ko Bouza, gado 500 na Yamai bai san da shi ba, daga Tawa kawai fiye da kilomita 500 ne ta Ƙonni da Doso, kafin nan sai an ce ku kawo kuɗin esansi. Ku tambayi kanku me ya sa mutanenmu ke ɗaukar marar lafiya su nufi Galmi, likitar mishan da ke nan tun 1950, suna sane sarai biya za su yi. Ba don fenti suke zuwa ba.

Masu cewa ma'aikatan ne ɓarayi, su ke kwashe maganin su kai kilinik ɗinsu, to akwai, ban yi musu rantsuwa ba, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Na taɓa ganin wadda ta daka wa mai naƙuda tsawa kamar ta kama ta da sata. Amma wannan ai hujjata ce kuke ƙara min. In akwai ɓarawo, ta yaya za a kama shi da ziyarar da aka sanar da shi tun mako guda? In kuma babu, ta yaya za a wanke anfirmen da ya yi awa ashirin da huɗu a tsaye shi kaɗai da yara sun fi ashirin cikin watan Satumba, lokacin da sauro ke cin kasuwarsa? Yanzu duk an haɗa su an yi musu kuɗin goro, talaka yana zagin wanda yake gani, shi kuwa wanda ya riƙe takardar biyan kuɗi a biro mai sanyi ba wanda ya san fuskarsa.

Mun ga HALCIA, mun ga COLDEFF, hukumomin yaƙi da cin hanci da satar dukiyar ƙasa, sunaye ba su taɓa yi mana ƙaranci ba a ƙasar nan. Ni abin da nake roƙo bai kai nan ba. Mutum biyu, mota ɗaya ba jiniya, ƙarfe biyu na dare, cikin damina, kar ko perefe ya sani. Su shiga su taɓa makunnin fanka, su buɗe kabad su gwada da abin da ke cikin kaye, su tambayi matar da ke kan tabarma nawa ta kashe yau. Sannan a liƙa takarda a ƙofar kowace likita, ga abin da muke bin gwamnati, ga abin da ta biya, ga ranar da ta biya, da Hausa da Faransanci, ɗan lakwal ma ya karanta wa uwarsa. Nawa wannan zai ci? Bai kai kuɗin fentin da aka shafa ranar ba, wanda ma an ce min gefen da kyamara za ta kalla kawai aka shafa.

Wanda ya ce ni ɗan adawa ne kuma, Allah ya ba ka lafiya, kar ya kai ka gado na biyu daga taga.

Yaron dai ya tashi alhamdulillahi, jiya ma ya fasa wa uwarsa kofi. Matar gadon kusa da mu ban san yadda suka ƙare ba, mun fito mun bar su, kuma abin yana dawo min in na kwanta.

Af, kafin in manta. Mai shayin da ke bakin ƙofar, dogon nan mai rediyo rataye a icen bedi, shi ya ara min sharjarsa dare na ƙarshe da salulata ta mutu, kuma ya ƙi karɓar kuɗin shayi biyu wai mai jinya baƙon Allah ne. Da na zo gida na zazzage jaka sai ga sharjar a ciki, na taho da ita ban sani ba. Duk wanda zai bi ta wajen cikin satin nan ya yi min magana in ba shi ya kai masa, fara ce an naɗe wuyanta da baƙin salatif.