Sharhi: Layinka ne makullin asusunka, to wa ke gadin makullin?

Ɓarawon waya na yanzu ba kuɗin wayar kaɗai yake hange ba. Kafin ya kai ta wurin mai saye, sai ya zare sim ɗin ya zura a wata ƙaramar waya mai tocila. Duk zanen yatsa ko lambar da mai ita ya kulle fuskarta da su, a nan amfaninsu ya ƙare, domin wayar aka kulle, sim ɗin a buɗe yake. Daga wannan lokaci duk alat na banki da duk lambar OTP, wato lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya da banki ke turowa ta tes, hannun ɓarawon za su faɗa. Idan ya danna *565*0#, lambar BVN ta mai layin, wato lambar shaidarsa ta banki, za ta fito masa ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba. Alat ɗaya ya isa ya gaya masa sunan bankin da abin da ya rage a ciki.

A Disambar 2020 gwamnatin Najeriya ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. An yi ta ɗage wa'adi, a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, sannan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta tsayar da 14 ga Satumbar 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Jama'a sun sha dogon layi a rana, kuma aikin ya yi amfani, tunda yanzu ana iya sanin sunan wanda ya yi rajistar layi. Sai dai tambayar da banki ke bukatar amsarta a daidai lokacin da ake tura kuɗi daban ce: a hannun wa layin yake a yanzu? NIN ba ta san wannan ba. Bankuna kuwa sun ɗora kusan komai a kan zaton cewa wanda ya karɓi saƙo shi ne mai asusu.

Ban da ƙwace, akwai sauyin sim, wanda aka fi sani da walkom-bak. Wani ya je shagon kamfanin waya ya ce layinsa ya ɓata, a ba shi sabon sim mai lambarka. An tsaurara ƙa'ida, yanzu sai da NIN da tantance fuska ko yatsa, amma idan akwai ɗan gari a cikin shagon, ƙa'ida ba ta hana komai. Da ɗan gari akan ci gari. Alamarsa guda ce: sabis ya ɗauke a wayarka gaba ɗaya alhali na kusa da kai mai irin layinka yana kira. Wannan ba matsalarmu mu kaɗai ba ce. Ranar 9 ga Janairun 2024 ta wannan hanya aka shiga shafin X na hukumar kula da hannayen jari ta Amurka, SEC, aka wallafa sanarwar ƙarya kan Bitcoin har farashinsa ya motsa.

Hanyar da ta fi damuna ita ce wadda babu ɓarawo a farkonta. Lambobin waya ba mallakar kowa ba ne har abada, aronsu ake bayarwa. A ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin da ke kawo wa kamfani kuɗi da shi ba ana iya dakatar da shi, idan ya ƙara wata shida a haka mai shi na iya rasa lambar, a sayar wa wani. Sabon mai layin ya yi rajista da NIN ɗinsa, komai bisa doka. Amma a rumbun banki lambar tana nan maƙale da asusun tsohon mai ita, haka a BVN, haka a WhatsApp da Facebook da manhajojin ba da rance. Mutum ya sayi sabon sim a bakin kasuwa, bayan kwana biyu ya fara ganin alat ɗin albashin wani. Mai tsoron Allah ya share, marar tsoron Allah ya fara gwaji.

Waɗanda abin ya fi faɗa wa sanannu ne: ɗalibin da ya tafi karatu waje, ɗan cirani da ya daɗe bai dawo ba, mai layi uku da ya manta da guda a cikin durowa. Sai kuma mamaci. An yi sadakar uku, an miƙa wayarsa ga wani yaro a gidan ko an jefa ta cikin akwati, rabon gado ya ja lokaci, layin ya mutu ya koma hannun baƙo, dukiyar marayu kuwa tana nan a asusun da ke ɗaure da wannan lamba.

Abin takaici, doka ta hango wannan tun da daɗewa. Tsarin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a 2018 kan hada-hadar kuɗi ta USSD, wato ta hanyar danna lambobi masu * da # a waya, ya ƙayyade naira 100,000 a rana, ya ce duk abin da ya wuce naira 20,000 sai da shaida ta biyu bayan lambar sirri, ya kuma bukaci bankuna su mallaki na'urar da ke gane cewa an sauya sim ko layi ya canza hannu. Yau wanda aka kwashe wa kuɗi idan ya je ƙorafi, amsar da ya fi ji ita ce an tura OTP zuwa lambarsa kuma an shigar da ita daidai, saboda haka shi ya yi sakaci. Banki ya nuna kamfanin waya, kamfanin waya ya nuna banki, mai kuɗi ya koma gida.

Gyaran ba wani sabon ilimi yake bukata ba. Kafin banki ya yarda a yi sabuwar rajistar USSD, ko a canza lambar sirri, ko a ɗora manhajarsa a sabuwar waya, ya tambayi kamfanin waya abu biyu: yaushe aka sauya sim ɗin nan na ƙarshe, kuma NIN da ke kan layin ta canza tun bayan da aka ɗaura shi da asusun? Idan an sauya sim jiya ko shekaranjiya, a dakatar da fitar kuɗi na kwana biyu ko uku. Idan NIN ta canza, a yanke alaƙar lambar da asusun har sai mai shi ya zo da kansa. Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, ta fito da tsarin bai ɗaya na yin irin tambayar farko tun 2023, kuma amsar ba ta ɗaukar fiye da ƙiftawar ido.

A lura, canzawar NIN na ce, ban ce rashin dacewarta da ta mai asusu ba. A Arewa mata da tsofaffi da yawa suna riƙe da layin da miji ko ɗa ya yi wa rajista da sunansa. Idan aka ce dole NIN ta layi ta yi daidai da ta asusu, za a rufe wa bayin Allah masu yawa kuɗinsu ba su ci ba, ba su sha ba. Haka ma masu cewa a soke tura OTP ta saƙon tes ɗungurungum, kamar yadda Singafo ta fara a 2024 ga masu shiga asusu ta manhaja, sun manta cewa mai sayar da awara da manomin ƙauye da ƙaramar waya suke karɓar kuɗi. USSD ba ta da magaji a yanzu, don haka a can bayan fage, tsakanin banki da kamfanin waya, ya kamata a ɗaure ta.

Ba kuwa za a ɗaure ba sai asarar ta fara taɓa aljihun masu ikon ɗaurewa. A Birtaniya, tun 7 ga Oktoban 2024, wanda aka yaudara ya tura kuɗi ana mayar masa har fam 85,000, bankin da ya tura da wanda ya karɓa su raba biyan gida biyu. Yanayin damfarar ya bambanta, amma hikimar ta shafe mu: bankin da ya buɗe wa ɓarawo asusun karɓar kuɗin sata shi ma yana da kamasho a laifin. Idan bincike ya nuna an sauya sim awa uku kafin a kwashe asusu kuma banki bai duba ba, babu hujjar da za ta sa talaka ya ɗauki asarar shi kaɗai.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun mai waya. A saka wa sim lambar PIN daga sashen tsaro na saitin waya, ta yadda duk wayar da aka zura shi sai ta nemi lambar. A yi hattara: kuskure uku sim ya kulle sai da PUK, lambobi takwas da ke jikin katin da sim ya zo a ciki, kuskure goma a PUK kuma sim ya mutu. Don haka a nemo katin tukuna, kada a yi ta canke. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, kuma kada a karanta wa kowa lambobi shida da suka shigo ta tes, ko da ya ce daga zauren masallaci ko na makaranta yake kira. Duk wanda zai bar layi ya fara zuwa banki ya canza lambar da ke kan asusu da BVN, magada kuma su sanar da banki rasuwa tun da wuri.

Bankuna da dama suna da lambar rufe asusu daga wayar kowa, kamar *901*911# a Access da *966*911# a Zenith. A tambayi ta bankin da ake hulɗa da shi, a rubuta ta tare da lambar asusu a takarda, a ajiye a gida, domin ranar da aka ƙwace waya ba ranar bincike ba ce. A fara rufe asusu, tunda minti ɗaya ne, sannan a kira 300 daga layin kamfani ɗaya a sa a toshe sim ɗin. Idan kamfanin waya ya yi jan ƙafa, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622, kuma a rubuta ranar da lokacin kowane kira, domin su za a nema idan magana ta kai gaban CBN.