Gangar Beljiyam da gangar Garwa

Idan Bature a nan Beljiyam ya ce "gangar Afirka", abu guda yake nufi, wato jembe, gangar mutanen Mande na Gini da Mali, mai baki ɗaya da ake kaɗawa da tafin hannu. Marigayi Mamadi Keita, ɗan Gini, ya buɗe makarantar koyar da ita a Burussel a 1991, kuma yau ajin jembe ya bazu a biranen Turai. Mutum ya biya kuɗi, ya zauna cikin da'ira, malami ya riƙa ƙirga masa bugu. Ban raina musu ba. Suna da naci, wasu ma hannunsu ya faɗa sosai. Amma duk ƙwarewarsu, gangarsu ba ta kiran sunan kowa, kuma babu wanda ke jiran ta kira shi.

A Garwa, garin da na tashi a arewacin Kamaru, ganga tana da mai ita. Tambari na sarauta ne, ba a taɓa shi don nishaɗi. Kotso da taushi da jauje na makaɗan fada ne. Bandiri na 'yan Ƙadiriyya ne wajen zikiri, gangar noma kuwa sai a gona ranar gayya. Ranar sallah, idan dawaki suka yi jerin gwano a ƙofar fadar Lamiɗo, ganguna na tafe da algaita da kakaki, ko kana bayan katanga za ka san wane babba ne ke wucewa.

Ni dai kalangu ne ya fi tsaya mini a rai, kiɗan mahauta da 'yan dambe. Icce ne mai siririn ƙugu, kamar turmi biyu da aka haɗa gindinsu, an rufe kowane baki da fata marar kauri, tsarkiya ta haɗa bakunan biyu. Makaɗi ya saƙale shi a hammata. In ya matse, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya sassauta, ta sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, shi ya sa kalangu ke iya bin karin magana har ya faɗi taken mutum. Ɗan dambe yana zaune shiru, sai ya ji takensa, ka ga ya miƙe yana tsuma. Ba ƙarar ce ta tashe shi ba, ya ji abin da aka ce masa ne, haka ma duk wanda ke filin ya ji.

Fata ba ta son danshi. Ko a gida, da damina sai makaɗi ya kara ganga a rana ko kusa da wuta kafin muryarta ta dawo. Turawa sun kauce wa wannan wahala tun wajen 1957, lokacin da kamfanin Remo ya fara sayar da marufin ganga na roba. Mu kuwa fata ba ta yi mana ƙaranci ba, majeman garin Marwa, can arewa da Garwa, suna nan suna aiki. Masu kunnen jin take ne ke ƙarewa.

Hotunan bidiyon biki da ake turo mini ta WhatsApp daga Garwa da Ngaundare, kusan duk DJ ne da manyan lasifika, ko mai fiyano yana danna kiɗan da na'ura ta haɗa. A yi rawa, a yi liƙi, a watse. Yaran gidanmu da yawa ba su san taken kakansu ba, alhali mahauci ne sananne a zamaninsa. Laifin ba na DJ ba ne, namu ne: mun daɗe muna kallon makaɗi a matsayin maroƙi kawai, muna hana shi auren 'ya'yanmu, to don me ɗansa zai gaji sana'ar?

'Yan'uwa da ke gida, ku da ke kusa da tsofaffin makaɗa, don Allah ku zauna da su da waya a hannu. Makaɗi ya kaɗa take, sannan ya faɗe shi da baki, ya ce na wane ne, daga wane gida. Mu da ke waje kuma, in za mu aika kuɗin biki, mu ware na mai kalangu daban, mu ce da sunansa aka aiko, kuma kada ya gaza na DJ.