Lissafin birki a Jamus, randa a tsakar gidanmu

Ranar wata Laraba cikin Janairu ɗiyata ta dawo daga makaranta da aikin gida na fiziks: mota tana gudun kilomita 50 a awa, direba ya taka birki, mita nawa za ta ja kafin ta tsaya a kan busasshiyar kwalta, nawa kuma a kan ƙanƙara? Na gyara zama, na ce mata ai wannan mun sha shi tun ba a haife ki ba. Fomula ta zubo daga bakina kamar karatun allo. Gudun ya kama mita 13.9 a daƙiƙa, a ninka shi da kansa, a raba da biyu sau ma'aunin guga (yadda taya ke kama ƙasa) sau 9.8 (ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi). Takardar ta ba kwalta 0.7, amsa mita 14. Ƙanƙara 0.1, kusan mita 98.

Ina shirin tashi sai ta ce, "Baba, to ina nauyin motar ya tafi?"

Shiru na yi. Da wannan fomular na ci WAEC, amma ban taɓa lura babu nauyi a cikinta ba. Ita ce ta ɗauki fensir ta zana taya da kibiyoyi, ta nuna mini cewa nauyin da ke sa mota wuyar tsayawa shi ne kuma yake ƙara danne tayar a ƙasa, sai su cinye juna. Haka ake koya musu a nan Jamus: zane tukuna, lamba daga baya. Littafin fomuloli ma yarda ake yi su shiga jarrabawa da shi. Ƙanƙarar kuwa tana bakin ƙofa, ɗiyata kuma ta ga ranar da na sauya tayoyin hunturu.

Mu da muka yi karatu a gida an ce rashin ɗakin gwaje-gwaje ne ya cuce mu. Ban yarda ba gaba ɗaya. Mun yi zango guda muna haddace lissafin zafi, alhali randa na nan a tsakar gida tana gumi. Ba wanda ya ce mana ruwan da ke tsatsowa ta jikin yumɓu ya bi iska yana tafiya da zafi, wajen kilojul 2,400 (awon yawan zafi) a kowane kilo na ruwa, shi ya sa ruwan ciki yake sanyi. Shi ya sa kuma randa ta fi aiki lokacin bazara, da damina iska ta riga ta ƙoshi da laima. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya karɓi kyautar Rolex a 2000. Mu kuwa tabaran kaka da muke ƙona takarda da shi a rana, duka ya jawo mana, ba darasin tattara haske ba.

Hadda dai ba banza ba ce, kada a ji ni ba daidai ba. Yarinyar nan sai ta nemi kalkuleta kafin ta raba 193 da 2, ni kuwa kafin ta kunna na gama.

Daren nan na aika wa ɗan ƙanena da ke aji biyar na sakandare saƙon murya: ya ari ma'aunin zafi, ya auna ruwan randa da na jarka da azahar, ya turo mini lambobin. Ya ce, "Baffa, wannan zai fito a jarrabawa?"