An gina makaranta, an manta da hanya

Haba jama'a! Sabuwar makaranta guda, ƙofa ɗaya tak a kan siririyar hanyar unguwa, motoci da babura da yara duk ta nan? Da safe masu kawo yara su yi fakin gefe biyu, maƙwabta su rasa hanyar fita. Abin da ya fi tayar da hankali, ɗan shekara 6 bai kai tsayin mota ba, direba ba ya ganinsa sai ya ɓullo daga bayanta. Mai gudun kilomita 30 a awa yana tsayawa cikin kusan mita 13, mai gudun 50 kuwa sai ya ci ninki biyu. Allon gargaɗi kaɗai ba ya hana gudu. A sa tudun rage gudu kafin wurin tsallakawa, a ware wa yara ƙofarsu, a hana fakin daf da ita.